An sa wa Yusra ƙarfen faɗaɗa ganɗa, babanta ya ce a cire

Maman Yusra:
Assalamu alaikum iyaye. Don Allah ina neman waɗanda aka taɓa sa wa 'ya'yansu ƙarfen nan na faɗaɗa ganɗa, wanda ake maƙalawa a turamen sama, a ba uwa makulli ta riƙa murɗawa a gida. Yusra shekararta tara. Likitan daidaita haƙora ya ce muƙamuƙinta na sama ne ya tsuke. In ta cije, haƙoran sama na gefen hagu sai su faɗa ta cikin na ƙasa maimakon su rufe su ta waje, har sai ta karkata haɓa kafin bakinta ya haɗu. A farkon makon nan aka sa mata. Tun daga ranar ba ta ci abin kirki ba, miyau sai dalala yake, magana ba ta fita daidai. Da ta ga na ɗauko makullin sai kuka. Ni ma hannuna rawa yake. Babanta ya ce gobe a koma a cire, wai ba zai zuba ido ana tsaga wa yarinya ƙashi ba. Ni dai ina tsakiya. Wanda ya san abin nan ya taimaka mini.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Yusra, Allah ya ba ta lafiya. Makon farko ne mai wuyar, wallahi. Sadiq ya yi irin wannan dalalar, sai da na riƙa shimfiɗa masa tawul a kan filo. Baki ne ke ɗauka abinci aka sa masa, sai ya yi ta kawo miyau. Kafin sati ya zagayo ya daina. Kar ki cire.

Baban Haidar:
Ni fa ina bayan mijinki. Mu da muka tashi wa ya faɗaɗa mana wata ganɗa? Ga mu nan muna tauna ƙashi. Yanzu duk yaron da aka kai a duba masa haƙori sai an samo masa ƙarfen da za a sa. Yarinyar da ko famfara ba ta gama ba, ina aka san yadda haƙoranta za su zauna? A bari su gama fitowa mana a gani.

Maman Biyu:
Baban Haidar, ka bari a fara kwantar mata da hankali kafin a shiga wannan.

Maman Yusra, bari in gaya miki yadda nake murɗawa, don duka tagwayena an sa musu, kuma rabin kukan daga yadda ake yin murɗin yake fitowa. Kar ki yi mata a tsaye ko a zaune. Kwantar da ita rigingine a bakin gado, ki sa filo a ƙarƙashin kafaɗunta yadda kanta zai ɗan tanƙwara baya, ki tsaya ta wajen kanta. Wani ya haska miki da fitilar waya. Ta buɗe baki sosai, don in ta buɗe rabi-rabi ne makullin ke taɓa harshe ya tayar mata da kakarin amai. Ki nemo ɗan ramin makulli da ke gaba a jikin sukurun tsakiyar ƙarfen, ki zura makullin har ya shige gaba ɗaya, sannan ki tura shi baya wajen maƙogwaro, yadda kibiyar da ke jikin ƙarfen ta nuna. Ki ci gaba da turawa sai kin ga sabon rami ya bayyana sarai a gaba. Wurin cirewa ne mutane ke ɓata aikin: in kika jawo makullin gaba, kin warware murɗin da kika yi. Ki zare shi ƙasa yana nan a bayan.

In makullinki irin ɗan siririn nan ne marar mariƙi, ɗaura masa zare ki rataya a wuyan hannunki, kada ya suɓuce ya faɗa mata maƙogwaro. Kuma ki sami takarda ki riƙa sa alama duk murɗin da kika yi. Kar ki dogara da ƙwaƙwalwa.

Maman Yusra:
Allah ya saka, Maman Biyu. Makullina mai mariƙin roba ne. Amma jiya na nemi ramin na rasa, rabinsa kawai nake gani.

Maman Biyu:
Murɗin shekaranjiya ne bai kai ƙarshe ba. Ki mayar da makullin ramin baya, wanda kika yi amfani da shi, ki ƙarasa tura shi, na gaban zai fito. Wani lokacin kuma abinci ne ya toshe, ki fara wanke wurin da buroshi. In duk ya gagara kar ki yi ta tsokana, ki kira asibitin, minti biyu ne aikin a wurinsu.

Anti Likita:
Sannunku iyaye. Ni likitar haƙori ce, kodayake daidaita haƙora ba shi ne fannina ba, tura yara nake yi wurin masu yin sa, su dawo mini ina duba su. Ban ga bakin Yusra ba, don haka maganar likitanta ce gaba da tawa. Amma ina so in taɓa maganar tsaga ƙashi, don ita ce ke hana iyaye barci.

Ganɗar yaro ba ƙashi ɗaya ba ce. Ƙasusuwa ne na dama da na hagu da suka haɗu a tsakiya, tun daga bayan haƙoran gaba har zuwa can baya, kuma a yarinta mahaɗar ba ta ƙame ba, wani nama mai jijiya-jijiya ne ke riƙe da ita. Duk uwa ta san maɗigar jariri, yadda ƙasusuwan kai ke zuwa ba su gama haɗewa ba. To mahaɗar ganɗa danginsu ɗaya, sai dai ita tana daɗewa, sai wajen balaga take fara sarƙewa tana tauri, kuma mata kan riga maza. Ƙarfen yana buɗa wannan mahaɗar ne a hankali, jiki kuma ya cike gurbin da sabon ƙashi. Babu abin da ake karyawa.

Abin da Yusra za ta ji shi ne dannawa a ganɗa, a karan hanci, wani lokacin har ƙasan idanu, na 'yan mintoci bayan an murɗa. Ya fi tsanani a murɗi shida zuwa goma na farko, daga nan ya ragu sosai, don da mahaɗar ta saki, ƙarfen ya daina kokawa da ita. Yanzu ke a tsakiyar mafi wuyar kike.

Abban Fati:
In ƙara da lissafi, don shi ya kwantar mini da hankali lokacin Fati. A yawancin irin ƙarfen nan murɗi ɗaya rubu'in milimita ne, wato 0.25, wasu ma 0.2. Sai an murɗa huɗu ake samun milimita ɗaya. Wanda aka ce ya yi murɗi 28, milimita 7 ke nan gaba ɗaya, bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba. Ki nuna wa babanta a jikin rula.

Baban Haidar kuma da ke ganin sabon salo ne, abin ya girme mu duka. Wani likita a San Faransisko ta Amurka, Emerson Angell, shi ya fara ba da rahotonsa a 1860, a kan wata yarinya 'yar shekara 14, kuma likitocin zamaninsa ƙaryata shi suka yi, suka ce ba yadda za a yi ƙashin ya buɗe. Sai da Andrew Haas ya fito da nasa binciken a 1961 aikin ya karɓu sosai. Har yau akwai irin ƙarfen da ake kira da sunansa, mai faifan roba da ke kwanciya a jikin ganɗa, sai kuma Hyrax, wanda waya ce zalla da sukuru a tsakiya.

Baban Haidar:
Daɗewar abu ba ta nuna kowa na buƙatarsa, Abban Fati. Tambayata ke nan. Ban ce ba ya aiki ba.

Anti Likita:
Baban Haidar, a nan kana da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Ba kowane yaro mai cunkoson haƙora ke buƙatarsa ba, kuma su kansu masu daidaita haƙoran suna saɓani a kan haka. Yaron da haƙoransa suka ɗan hau juna kaɗan, cizonsa na baya lafiya lau, sau da yawa ana iya jira a gani. Duk uban da aka ce wa a sa wa ɗansa, haƙƙinsa ne ya ce a nuna masa dalili a bakin yaron, ya kuma nemi ra'ayin likita na biyu.

Amma abin da Maman Yusra ta bayyana daban ne. Yarinyar da sai ta karkata haɓa kafin haƙoranta su haɗu, kullum tana tauna a karkace ke nan, tana kuma girma a haka. Wannan yana cikin dalilan da kusan babu gardama a kansu. Kuma jiran da kake cewa a yi, shi ne ke rufe ƙofar: lokacin da haƙoran girma za su gama fitowa, wajen shekara 12 zuwa 13, mahaɗar ta fara tauri. Shi ya sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ke cewa a fara duba yaro kafin ya wuce shekara 7. Dubawa fa, ba sa ƙarfe ba.

'Yar Auta:
Ni ba uwa ba ce tukuna, amma an sa mini ina 'yar shekara goma, bari in faɗi ta ɓangaren yara. Murɗin bai taɓa damuna kamar fuskar mamata ba. In za ta yi sai ta ɓata rai, ta yi ta sannu tun kafin ta taɓa ni, sai in ce lallai wani mugun abu za a yi mini. Ranar da yayana ya karɓi makullin, yana ba ni labarin banza yana dariya, ban ma san ya gama ba. Anti, in hannunki na rawa ki ba wani. Kuma kada a ce mata ba zafi. Ku ce za ta ji an danna, ku ƙirga tare zuwa ashirin. In aka yi wa yaro ƙarya sau ɗaya, gobe ba zai buɗe bakin ba.

Abin da ya fi ci mini rai a makaranta ne. Malama ta tashe ni karatu, duk wata "s" da "sh" da "k" ta koma wani abu, aji ya fashe da dariya. Ku gaya wa malamarta tun yanzu ta ɗaga mata ƙafa na mako biyu.

Ummu Sadiq:
Wannan gaskiya ne. Tsamin bakin yana tafiya da sauri in yaro na yawan magana. Sadiq na sa shi ya riƙa karanta mini littafi da ƙarfi kullum da yamma a ɗaki, ba mai jin sa sai ni. Harshe ne ke neman sabon wurin zama.

Maman Yusra:
Jama'a ga baban Yusra, ya karanta duka, ya ce in ba shi wayar.

Assalamu alaikum. Na gode da shawarwari. Likita, ranki ya daɗe, tambaya biyu gare ni. Yarinya ta kwana uku ba ta ci abin da zai riƙe ta ba, wannan ba illa ba ce? Na biyu, idan na ce a cire gobe, me zai faru da ita? A gaya mini gaskiya, ban da lallashi.

Anti Likita:
Wa alaikumus salam, Baban Yusra. Ta biyun zan fara. In aka cire gobe babu wata cuta da za ta same ta. Ɗan abin da ya buɗe zai koma, ta koma yadda take, da cizonta a karkace. Wahalar da ta sha ta tafi a banza, kuma in aka dawo yi daga baya za a faro daga farko da yarinyar da ta riga ta tsorata. In aka bari har ta girma, wannan ƙarfen kaɗai ba zai buɗa ƙashin ba, sai dai ya ture haƙora waje. A nan ake komawa ga wanda ake kafewa da ƙananan sukurori a cikin ƙashin ganɗa, ko a haɗa da tiyata. Wannan ita ce gaskiyar.

Ta farkon kuwa, rashin ci na 'yan kwanaki ba ya yi wa yaro mai lafiya illa muddin yana sha. Ku lura da ruwa da fitsari. Yawanci ba zafi ne ke hana su ci ba, haɗiya ce. Mutum yana haɗiya ne da manna harshe a ganɗa, yanzu kuma harshen ya tarar da ƙarfe a wurin, sai yaro ya ji kamar zai shaƙe. Ku ba ta abu mai laushi kaɗan-kaɗan, da ruwa a kusa tana korawa. Abu mai sanyi yana rage zugi.

Maganin zafi kuma, ku tambayi likitanta ko za ku ba ta farasitamol kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin murɗi a kwanakin nan na farko, gwargwadon nauyinta. Asfirin dai ba a ba yara. In sau biyu a rana aka ce ku murɗa kuma ta kasa jurewa, ku faɗa masa, sau da yawa ana mayar da shi sau ɗaya a tsawaita kwanakin. Shi zai yanke wannan, ba ku ba.

Ga abubuwan da in kun gani za ku dakatar da murɗi ku kira shi a ranar: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko wanda magani bai taɓa shi, naman ganɗa ya kumbura har yana neman rufe ƙarfen, gyambo, ruwa ko wari mai ƙarfi, zazzaɓi, ƙarfen yana motsi ko ɗaya daga cikin zobban da ke riƙe shi a jikin turame ya saki haƙori, jiri ko haɓo. In wani abu ya faɗa mata maƙogwaro tana tari ko numfashi na yi mata wuya, wannan asibitin gaggawa ne kai tsaye.

Maman Yusra:
Ya ce ya ji. Ya ce ba za a cire ba amma gobe da shi za a je, likitan ya nuna masa cizon da idonsa, kuma a mayar da murɗin sau ɗaya in zai yiwu. Ya kuma ce daga yau shi zai riƙa murɗawa tunda wai ni matsoraciya ce.

Baban Haidar:
To madalla. Abin da nake so ke nan, a tambaya. Allah ya ba ta lafiya.

Hajiya Kaka:
Ikon Allah. Ni jikata nake riƙo, kuma babu wanda ya gaya mini maganar wushirya. Ranar nan na tashe ta da safe sai na ga haƙoranta na gaba sun rabu, har ana hango harshe. Na ce shi ke nan an lalata wa marainiya baki. Maman Yusra, 'yata, ki shirya wa wannan tun yanzu, ki kuma shirya maigidan, don in ya gani ba shiri sabuwar rigima ce.

Anti Likita:
Hajiya kin kyauta da kika tuno. Wushiryar nan ita ce shaidar da likita ke jira, ita ke nuna ƙashin ne ya buɗe ba haƙora ne kawai suka kwanta ba. Haƙoran gaba biyun kowanne yana kan nasa ɓarin, in ɓarin suka rabu dole su rabu, kuma mahaɗar ta fi buɗewa ta gaba a kan ta baya. Bayan an daina murɗi, jijiyoyin dasashi da ke tsakaninsu suna jawo su, cikin 'yan makonni ta ragu sosai ko ta rufe da kanta. In ta rufe kar ku ce aikin ya warware, haƙoran ne suka matso, ƙashin na nan a buɗe. Kada kuma wani ya ɗaura musu roba ko zare wai don su haɗu. Roba tana iya zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi ta ci ƙashin da ke riƙe da haƙorin har ya faɗi.

Hajiya Kaka:
Tata ta rufe kuwa. Har ta yi kukan rufewar, wai ta fi kyau da ita.

Maman Walid:
Ni abin da zan ce, ko don numfashi a sa wa yaro. Walid da baki yake kwana a buɗe, ga minshari kamar babban mutum. Tunda aka faɗaɗa masa ya daina. Yanzu duk wadda ta ce mini ɗanta na minshari cewa nake ta je a sa masa.

Abban Fati:
Fati ma da minsharinta aka sa, da shi aka cire, Maman Walid. Sai da aka duba aka ga ƙululun bayan hanci ne suka yi girma.

Maman Walid:
To ni dai abin da na gani da idona na faɗa.

Anti Likita:
Ku duka abin da kuka gani gaskiya ne. Rufin baki shi ne daɓen hanci, in an faɗaɗa ɗaya ɗayan ma ya ɗan faɗaɗa, kuma akwai yaran da iska ke fi shigar musu bayan haka. Amma minshari yana da dalilai da yawa: ƙululun bayan hanci, 'yan wuya da suka kumbura, toshewar hanci ta rashin jituwa da ƙura, ƙiba. Yaron da ganɗarsa ba ta tsuke ba, ba a sa masa ƙarfe don minshari. Maman Walid, ki riƙa ce musu su fara da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, musamman in yaron na ɗauke numfashi a barci.

Maman Ikram:
Don Allah in shigo da tawa. Mun yi tafiya an bar makullin a gida, kwana uku ba a murɗa ba. In haɗa su duka yau in rama?

Maman Biyu:
A'a! Ki ci gaba daga inda kika tsaya, yadda aka ce miki kullum, ki gaya wa likitan an tsallake kwana uku. Jimillar murɗin ake ƙirgawa, ba ranaku ba. Kuma in kin kai adadin da ya ce, ki tsaya ko da ranar komawarku ba ta zo ba.

Maman Ikram:
Na gode. Ni har na ga kamar ya yi yawa ma, haƙoran saman sun fara fita waje sosai.

Anti Likita:
Da gangan ake ɗan zarcewa, don bayan an cire wani abu yana komawa. Amma idon likita ne ke cewa ya isa, shi ya sa ake ganin yaro duk mako ko mako biyu a lokacin murɗi. Kar ki tsallake wannan zuwan.

Ummu Sadiq:
Ba wanda ya yi maganar wanki, kuma ni shi ya fi ba ni wahala a kan murɗin. Tsakanin ƙarfen da ganɗa akwai ɗan sarari, duk abin da aka ci sai ya maƙale a can, in ya kwana kuwa warin ba a magana. Buroshi ba ya kaiwa. Sirinji marar allura nake cikawa da ruwan ɗumi, ya sunkuya a kan abin wanke hannu in fesa ta gaba da ta gefe. Wanda ke da injin fesa ruwa na haƙori ya fi sauƙi. Sai ɗan ƙaramin buroshin nan na tsakanin haƙora don kewayen zobban. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi na taimakawa in harshe ya goge, don za ki ga har shatin ƙarfen ya fito a kan harshen, kar ya tsorata ki.

Abinci kuwa, ƙwai, ayaba, yogot, dankalin da aka murƙushe, shinkafa mai laushi, duk suna wucewa. Abu mai tsawo ko zare-zare shi ne matsala, irin taliya da nama mai jijiya da mangwaro, sai ya naɗe a ƙarfen rabi na maƙogwaro rabi na baki. Ki yayyanka ƙanana. Cingam, alawa mai danƙo, gugguru, gyaɗa da taunar ƙanƙara kuwa a manta da su sai an cire.

'Yar Auta:
Taliyar nan! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Baban Haidar:
To wai duk wannan hidimar ta wata nawa ce?

Abban Fati:
Murɗin kansa gajere ne, yawanci mako biyu zuwa huɗu. Zaman da ƙarfen zai yi bayan nan ne mai tsawo, wata uku zuwa shida, wasu likitocin ma su wuce haka. A nan na ga iyaye na sakaci. An daina murɗi, wushirya ta rufe, yaro ya saba, sai a ga kamar an gama, a daina zuwa asibiti, a saki wanki. Alhali a lokacin ne sabon ƙashin ke cike gurbin, kuma ƙarfen ne ke riƙe da ɓarin biyu kada su koma kafin ya yi ƙwari.

Anti Likita:
Haka ne, kuma a watannin nan ne nake ganin ruɓewar haƙori a gefen zobba, don an gaji da wanki. Man goge baki mai fuloraid safe da dare, a rage zaƙi da lemon kwalba. Sannan in yaro na tsotson yatsa ko tura harshe, a yi maganin wannan ma, don yana cikin abin da ke tsuke ganɗar tun farko. Wani abin da ya kamata a sani tun yanzu don kada a ji an yaudare ku: faɗaɗa ganɗa ba ya nufin an tsira daga ƙarfen jera haƙora nan gaba. Wuri yake samarwa, ya gyara cizo. Yara da yawa sai sun sake sa wancan in haƙoran girma sun gama fitowa.

Baban Haidar:
Ka ji ko. Ashe da sauran kashi na biyu.

Maman Biyu:
Cikin tagwayena ɗaya ta sa, ɗaya ba ta buƙata ba. Ba a sani sai lokacin ya zo.

Maman Ikram:
Anti Likita, yanzu da na zo murɗawa na ga zoben gefen dama yana ɗan ɗagawa in ta taɓa shi da harshe. Na hagun na nan daram. In murɗa ko in bari?

Anti Likita:
Kar ki murɗa. In gefe ɗaya ya saki, ƙarfin duk a kan ɗayan zai tafi, kuma abinci na shiga ƙarƙashin zoben. Ki hana ta wasa da shi, ta ci abu mai laushi ta gefen hagu, ki kira su da safe su sake manna shi. In ya fita gaba ɗaya cikin dare, ki wanke ki sa a roba mai murfi ki tafi da shi, kuma kada ki bari ya kwana biyu a waje, don a wannan matakin ganɗar na saurin komawa har ƙarfen ya ƙi shiga. Ki tafi da takardar da kike sa alamar murɗi, za su tambaye ki nawa aka yi.